An Faɗa a Rediyo

Greensboro, 12 ga Afrilu, 2005

Zuwa ga ƙawata Sakinatou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Damagaram. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai abin da zan gaya miki.

Aissa ta rasu. Ba ki san ta ba, 'yar Dogonduci ce, tana aiki a masana'antar safa kafin ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Allah ya jiƙanta. Ba rasuwar ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, wankan ne.

Kin san gidan rediyon jama'a na nan gabashin gari ya ba masu jin Faransanci safiyar Asabar, mu da 'yan Togo da 'yan Kwango, kuma ni ke karanta sanarwa: haihuwa, aure, gaisuwar marasa lafiya, rasuwa. Dokar ɗaya ce, Faransanci zalla. Monsieur Amadou, shugaban kwamitinmu, yana kiyaye ta fiye da alwalarsa.

Na karanta sanarwar Aissa yadda muka saba a gida. Iyalan wane a Yamai, iyalan wane a Doso, suna baƙin cikin sanar da ku, jana'iza yau bayan azahar. Ko tuntuɓe ban yi ba.

Akwai wata tsohuwa, Hajiya Adjara, Bahaushiyar zangon Kumasi. Ita ke yi wa matanmu wankan gawa tun kafin in zo ƙasar nan. Aissa kuwa, Mama take kiranta, kuma a gabana, a asibiti, ta ce kada hannun kowa ya taɓa ta sai na Mama. Hajiya ba ta jin Faransanci ko na sayen gishiri, amma ba ta fashin shirinmu saboda kiɗan. Ta ji muryata, ta ji sunan Aissa, ta ɗauka gaisuwar marasa lafiya ce. Ta ce amin, ta ci gaba da aikinta.

Ba wanda ya kira ta. Kin san halinmu, in an faɗa a rediyo an gama, wanda bai zo ba shi ya ƙi. Chaïbou, mijin Aissa, ya jira ta har rana ta take. Da aka ce a aika mota, ya ce shi ba zai roƙi kowa ba. 'Yan mata biyu da ba su taɓa yi ba su suka yi wankan, ana gaya musu ta waya. Ni da na iso daga rediyo an riga an ɗaure likkafani. Ranar Litinin Hajiya ta dama koko ta kai asibiti, ta tarar da wani Bature a gadon.

Yanzu abin da ke yawo a bakin mata shi ne wai 'yar Gana ta ƙi wanke 'yar Nijar. Tun ranar ba ta taka masallaci ba.

Na kai maganar kwamiti, na nemi a bar ni in riƙa maimaita sanarwar rasuwa da Hausa, jimla biyu kawai. Amadou ya ce da sunan Faransanci aka ba mu lokacin, in an buɗe wa Hausa, gobe Zabarmanci ne, jibi Lingala, gata masu gidan su karɓe abinsu. Ya faɗi haka da irin Faransancin da na tsufa ina ja wa jan biro a takardun ɗalibai a lakwal. Yana da hujja, shi ya sa na fi jin haushi.

Ki gaida Inna, ki ce maganin yana hanya.

Taki,
Rachida

Greensboro, 16 ga Mayu, 2005

Ƙawata Sakinatou,

Ina gaishe ki da gida duka, da fatan zafi ya yi muku sauƙi. Wasiƙarki ta iso. Kin ce in yi haƙuri. Na yi, har zuwa shekaranjiya.

An kawo sanarwar addu'ar arba'in ɗin Aissa. Na karanta ta da Faransanci tsaf, na ajiye takardar, na sake faɗinta da Hausa. Sannan na ƙara abin da ba a rubuta ba. Na ce kowa ya ji, Hajiya Adjara ba ƙi ta yi ba, ba a gaya mata ba ne, domin harshen da muka yi sanarwar ba nata ba ne. Perpetua, 'yar Togon da ke riƙe da na'ura, tana iya yanke ni da yatsa ɗaya. Sai ta duƙufa gyaran ɗankunnenta har na gama.

Kafin la'asar kwamiti ya hutar da ni, kalmar da suka zaɓa ke nan. An ba wani Rachid kujerar, mai karanta sunan mamaci kamar sakamakon ƙwallo. Amadou ya ce, "Madam, kin san muna girmama ki." Na ce na gani. Chaïbou kuwa ya kira ni a waya, ya tambayi lambar gidan Hajiya.

Daga nan na wuce wurinta. Na same ta a kicin tana tsintar wake. Inda rediyon yake zama, kan firij, tukunya ce a wurin. Ta ce tun ranar asibitin ta ba ɗanta Kwame ya tafi da shi gareji. Ashe duk Greensboro sun ji ni ban da ita.

Ta ce, "Me kika ce a ciki, 'yata?"

Na tsaya a tsakiyar kicin da jaka a kafaɗa, na maimaita mata daga farko, har iyalan wane da wane, da muryar aiki. Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai bar waken ba. Ban san me na zata za ta ce ba. Ba ta yi maganar Chaïbou ba, ba ta yi ta matan masallaci ba. Ta ɗago kai ta ce, "Yaran nan da suka wanke ta, da gefen dama suka fara?"

Ban sani ba, Sakinatou, ba na wurin. Na ce mata e.

Ki miƙa gaisuwata ga Malam da Inna. Yanzu safiyar Asabar tawa ce, za ki riƙa samun wasiƙa.

Ni ce taki,
Rachida