Furen Dutsen Filibus

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
3 ga Maris

Maman Tabita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Pankshin bai hana ki fita coci ba. Mu nan zafi ya fara gasa mu. Na ba direban layinmu wannan takarda tunda na san idonki ba ya shiri da rubutun waya.

Albishirinki. Tankin kifin mai gidanki, marigayi Filibus, da kika bar mini amana, na yi masa wankan da bai taɓa samu ba. Kin tuna dattin nan ruwan hoda da ya manne wa duwatsu da gilashi? Na kwashe kifayen a bokiti, na kankare gilashin da reza, na dafa duwatsun na shanya. Yanzu fari tas suke. Shekara talatin ina aikin nas ban bar ƙazanta a ɗakin majinyata ba, ba a falona zan fara ba.

Ki gai da Tabita da jikoki.

Maƙwabciyarki,
Sa'adatu

Pankshin
12 ga Maris

Hajiya Sa'adatu,

Na gode da gaisuwa, kowa lafiya. Kwana uku na yi kafin na iya ɗaukar biro.

Hajiya, ba datti ba ne. Abu ne mai rai, irin gansakukar teku mai tauri, Filibus yana ce masa furen dutse. Don shi ya kafa tankin, kifayen 'yan rakiya ne kawai. Dutse ɗaya ya taho da shi daga Legas cikin bokiti, ya rungume shi a mota har Kano. Shekara biyu yana jira kafin ya ga ɗigon farko a gilashi, ranar har lemo ya saya wa 'yan layi. Ke ma kin sha, ba ki tambayi dalili ba.

Kayansa na rabar, gidan Gyaɗi-Gyaɗi mun saki. Wannan kaɗai ya rage da ke ci gaba da girma bayan shi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gai da mai gidanki Malam Lawan da jiki.

Saratu

Gyaɗi-Gyaɗi
20 ga Maris

Maman Tabita,

Ina gaisuwa, kunya kuma ta hana ni kiran ki. Na yi kuka kamar ranar da muka raka gawarsa. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ta raba mu, ku kawo mana shinkafar Kirsimeti mu kai muku naman layya, sai ga shi da hannuna na yi miki wannan ɓarna. Ki yafe mini.

Amma akwai saura. A bayan ɗan injin da ke motsa ruwa, inda hannuna bai kai ba, na ga tabo ɗaya kamar farcen ɗan yatsa. Don Allah ki rubuto mini yadda yake kula da shi.

Sa'adatu

Pankshin
2 ga Afrilu

Hajiya,

Na yafe. Ni ma ina da laifina: ban san yadda yake kula da shi ba. Ban taɓa koya ba. Kullum mita nake masa kan ƙanƙarar da yake kwashewa daga firij yana sa wa tanki lokacin zafi. Na ce miki nisan hanya ne ya hana ni tafiya da tankin. Gaskiyar ita ce tsoro nake ya mutu a hannuna, shi ya sa na ɗora miki na gudu.

Saratu

Gyaɗi-Gyaɗi
15 ga Afrilu

Maman Tabita,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wa Malam takardarki. Kin san tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki magana sai da ƙyar. Ashe duk zaman da suke yi da Filibus a benci da la'asar, mu muna cewa hirar ƙwallo ce, darasi yake ɗauka. Ya ɗauki rabin awa yana faɗa mini kalma-kalma: tataccen ruwa, ban da na famfo, gishirin teku da ya rage a buhu, shuɗiyar fitila awa tara, kada ruwa ya yi ɗumi. Da ya gama ya juya fuska bango, na bar shi.

Tabon bai mutu ba, amma bai ƙaru ba. Malam ya ce Filibus yakan kankare shi ya saki garin a ruwa, ta haka yake kama sabbin duwatsu. Zai iya kamawa, zai iya ƙarewa gaba ɗaya. Na ɗauki reza sau biyu na ajiye. Ba zan taɓa ba sai kin ce.

Taki,
Sa'adatu

Pankshin
21 ga Afrilu

Hajiya,

Ina gaishe ku. Ki ajiye rezar. Zan shigo motar Asabar, ki gyara mini katifa.

Ni zan kankare. Ko zai mutu, a hannuna zai mutu.

Sai na zo,
Saratu