Ƙorafi Kan Kulle Ɗakin Ajiya da Kaset ɗin Ayman a Ciki

Daga: Abdurrahim Bukar,
Mai gyaran kayan lantarki,
Ard al-Liwa, Giza.
Litinin, 10 ga Ramadan 1446 (10 ga Maris, 2025).

Zuwa ga: Mai Girma Ustaz Zainulabideen,
Shugaban Ƙungiyar Zumuncin Hausawa Mazauna Ard al-Liwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

GAME DA: Kwaɗon da aka garƙama wa ɗakin ajiyar ƙungiya alhali akwai amanar wani a ciki.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwar girmamawa da fatan ana shan ruwa lafiya, ina gabatar da wannan ƙorafi cikin ladabi. Ni ne mutumin nan da ya zo Masar neman ilimin fiƙihu tun yana da gashin kai, ya ƙare da ƙarfen narka dalma a hannu. Ƙungiya da kanta ta ba ni kusurwa a ɗakin ajiyarta ina gyaran rediyo da fanka da akwatunan gem, ni kuma ina kula mata da lasifika.

1. Ranar 2 ga Maris, Malam Ayman, ɗan'uwanmu Bahaushen Sudan, ya kawo mini kaset na akwatin gem, irin manyan nan na shago da ake jefa wa sulalla. Na shagon marigayi mahaifinsa ne a Omdurman. Da yaƙi ya koro su, jaka ɗaya ya fito da ita, kaset ɗin nan ya cinye rabinta. Har yau maiɗakinsa ba ta yafe masa bargon da ya bari ba. Bai nemi komai a wurina ba sai ya sake jin kiɗan wasan da ya tashi yana ji a shagon mahaifinsa.

2. Da na jona shi, hoton ya fito a yayyage, babu sauti. Na goge haƙoransa da sifirit, babu canji. Na bi layukan allonsa da mita ɗaya bayan ɗaya, har na gano tsohon batirin ciki ya yi yoyo ya cinye layi guda. Ina roƙon Malam ya yi haƙuri da wannan bayani, domin a nan gizo yake saƙa. Irin wannan kaset yana da 'yar ƙwaƙwalwa mai riƙe da lambobin da wasan yake tashi da su. Hadda ce, kuma batir ne yake riƙe da ita. Wuta ta yanke, hadda ta zube, kaset ya zama murfin tukunya. An ce a ƙasashen waje akwai na'urar da take mayar da ita. Ni dai idona bai taɓa gani ba. Zubewar hadda kuwa fanni ne da na ƙware a kai, malamaina shaida ne.

3. Ranar Alhamis 6 ga Maris, na jona masa batura biyu na wucin gadi waɗanda na zaro daga rimot ɗin gidana ba tare da izini ba, sannan na cire ruɓaɓɓen, na ɗinke layin da siririyar waya. Hoto ya dawo, kiɗa ya tashi. A halin yanzu wayoyi biyu ne, ja da baƙa, suke riƙe da ran kaset ɗin, su ma salatif ne yake riƙe da su.

4. A ƙa'idar sana'armu, ba a cewa gyara ya yi sai an buga wasan har allon ya ɗauki zafi. Ina cikin haka, bayan la'asar, Malam Haisam, sakataren kula da kayan ƙungiya, ya shigo. Ban musa abin da ya gani ba. Ya tarar da magidanci mai furfura, da azumi a bakinsa, yana yi wa ɗan damben cikin gilashi ihu. Ƙarin abin kunya, ni ake duka. Ya tuna mini dokar kwamiti ta hana wasanni a harabar ƙungiya cikin Ramadan, dokar da ni ma na ɗaga mata hannu. Na bayyana masa cewa gwaji nake yi. Ya ce duk wanda aka kama gwaji yake yi.

5. A daren na tafi kasuwar kayan lantarki ta Bab al-Luƙ na sayo batirin da ya dace. Da safiyar Juma'a 7 ga Maris na zo na tarar da sabon kwaɗo, da sanarwar cewa ba za a buɗe mini ba sai bayan Sallah. Na sami Malam Haisam a ranar, ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri. Ranar Asabar ya ce bukra, wato sai gobe. Jiya Lahadi ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Larabcina bai kai na ɗauki shahada ba, amma ya kai na gane inda maganar ta dosa.

6. Abin da ya hana ni barci shi ne sanarwar da aka yi jiya bayan tarawihi, cewa ranar Alhamis 13 ga Maris za a kwashe kayan ɗakin domin a jera buhunan shinkafa da dabino na buɗa-baki. Wannan aikin alheri ne, Allah ya ba da lada. Sai dai teburina yana bakin ƙofa, kuma ƙafarsa ɗaya gajera ce. Duk bawan Allah da ya ɗaga shi, ko buhu ya goge shi, waya za ta zame, shi kuwa ba zai ma san ya kashe komai ba.

Malam Ayman yana tare ni kullum a ƙofar masallaci yana tambayar yadda aiki yake. Ina ce masa tamam, komai daidai. Ya riga ya gaya wa 'ya'yansa cewa ranar Sallah za su ji kiɗan shagon kakansu.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ƙanƙan da kai:

Na farko, a ba da umarni a buɗe mini ɗakin kafin Alhamis, gwargwadon abin da zai ishe ni in liƙa batir. Malam Haisam ya tsaya a kaina, ya riƙe sandar wasan a hannunsa. Ba zan kunna gilashin ba. Hukuncin da aka yanke mini na karɓa, a ƙara ma idan an so. Laifin nawa ne, ba na kaset ba.

Na biyu, idan hakan ya gagara, a sanar da masu kwashe kaya kada kowa ya taɓa teburin nan, ko da niyyar share masa ƙura.

Na uku, idan duka biyun sun gagara, ina roƙon Malam ya zama shi ne zai kira Malam Ayman ya gaya masa. Ni na nemi bakin da zan faɗa da shi na rasa.

Sabon batirin yana aljihuna tun daren Alhamis, da shi nake zuwa sallah. Ko a tsakiyar sahur aka aiko, zan zo.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira, ya karɓi ibadunmu.

Naka mai biyayya,
Abdurrahim Bukar
(sa hannu)