Tayin Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ya kira ina tsaka da wanke tukwanen otal. Idon Baba ya ƙi, ko layin zarto ba ya gani. Wai in zan dawo kafin ƙarshen wata, shagon kafinta na Baba nawa ne, da injin da komai. Na ce zan yi tunani. Tunanin me? Tun da na zo ƙasar nan hannuna bai bushe ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na tura masa saƙon murya. Na ce na yarda, amma sai wa'adin aikina ya cika nan da wata uku, kuma ba mai sa mini baki a harkar shago, har shi. Wannan ta ƙarshen ban san me ya kai bakina ba. To, na sani.

Lahadi, 9 ga Maris

Shiru. Ya kuwa saurara, wayar ta nuna.

Alhamis, 13 ga Maris

Ƙanwata ce ta faɗa mini, tana ta kame-kame. An ba mijinta shagon, har ya sake wa ƙofa fenti.

Na kira Yaya na ce na janye sharuɗɗan, ko gobe sai in taso. Ya ce, "Haba ɗan'uwa, kai ka ce wata uku. Masu kawo aiki na zarya, Baba ba ya gani. Su zan ce su jira ka gama shan ƙamshi?" Na kashe wayar. Na yi ta zagaya ɗaki, ɗakin da ko wurin zagayawa babu.

Juma'a, 14 ga Maris

Wanda muke ɗaki ɗaya, Lauya muke ce masa: da rana wanke-wanke, da yamma karatun shari'a. Na zayyana masa komai, ina jira ya ce an cuce ni. Ko ɗago kai bai yi daga goge takalminsa ba.

"Malam, ai ba ka karɓa ba. An yi maka tayi, kai kuma ka mayar da naka tayin. Ranar da ka sa sharaɗi, nasa ya mutu, sai in ya ga damar sake yi."

Na ce ɗan'uwana ne fa, ba kotu ba. Ya ce shi ya sa ba zai caje ni ba. Saura kaɗan in kwaɗa masa takalmin.

Asabar, 15 ga Maris

Na sake sauraron saƙon nawa. Muryar wani mai gadara na ji, sai ka ce shi ake roƙo. Da ni ne Yaya... A bar maganar.

Amma ai da ko kira ɗaya ne ya yi mini kafin ya bayar da shagon.

Talata, 25 ga Maris

Na tura wa mijin ƙanwata saƙo: injin yana saurin zafi, ya riƙa barinsa ya huta, kuma kada ya ɗauke kujerar Baba daga bakin ƙofa. Ba don shi na yi ba, injin nake ji.

A hanyar dawowa na sayi labule da ƙusoshi. Ɗakin nan ban taɓa buga masa ko ƙusa ɗaya ba. Rana ce ke damuna da safe, ba wani abu ba.