Gyaran Sati Biyu

4 ga Afrilu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da iyali kuna lafiya.

Shekara goma sha shida ke nan da Baba ya rasu ya bar mana gidan haya, kuma ba ka taɓa neman shawarata a kansa ba sai in kana son sa hannu. Ni aka tura makaranta har na ƙoshi. Kai ka gudu daga aji uku, ga shi kana sayen tsofaffin gidaje, ka shafa musu fenti, ka sayar, ka canza mota. Ni kuwa ina nan ina gyaran famfo da rabon faɗan 'yan haya a kan igiyar shanya.

Mutum biyar sun tashi, ka ce kada in zuba kowa. Saura Tela shi kaɗai. Jiya kuma na tarar da wasu suna auna tsakar gida, suka ce kai ka aiko su. Me kake ƙullawa?

Ka huta lafiya.
Yayanka

11 ga Afrilu

Yaya na kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafa? Wannan rubutu naka, wallahi sai ka ce alƙali na yanke hukunci!

Ba zan ɓoye maka ba, na samu mai saye, amma ba ya son gida da mutum a ciki. In ni na ce Tela ya tashi, sai mun shekara a kotu, ya san halina. Kai kuwa ko ce masa ka yi ruwa na cin wuta, zai yarda. Rubuta masa cewa za a canza kwanon rufi, ya kwashe kayansa na sati biyu. In an yaye kwano, magana ta ƙare. Haka kowa ke yi a sana'ar nan.

Rabonka zai isa a yi maka aikin gwiwar nan. Ko ka fi so ka ƙare a kan sanda, da takardun shaidarka cike da akwati?

A gaida gida.
Autanku

19 ga Afrilu

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Saurar maganar ban amsa ba.

Shekara goma sha tara Tela yana ɗakin ƙofa. Kowace la'asar a kan bencinsa nake zama, yana taka keken ɗinki, ina karanta masa jarida yana ƙaryata ta. Da matata ta rasu kai kwana ɗaya ka yi ka koma. Shi ya rufe keke kwana bakwai ya zauna da ni.

Wato ilimin da kake yi wa dariya ya yi rana, tunda ana bukatar ƙarya mai tsabta. Nemi wani.

Likita ya ce in aka wuce bana, gwiwar ba za ta gyaru ba. Ban faɗa maka don komai ba.

Wassalam.
Yayanka

2 ga Mayu

Aminina Tela,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa za a canza kwanon rufi kafin ruwa ya sauka. Don Allah ka kwashe kayanka na sati biyu kacal. Ranar sha bakwai ga wata ɗakinka na jiranka. Na yi maka alkawari.

Naka,
Malam

3 ga Mayu

Malam,

Salamu alaikum. Yau kuma takarda tsakanina da kai, ga gidanka ga ƙofata? Ko ƙafar ce ta hana ka tsallako titi? Na kai keke shagon surukina. Allah ya saka, dama yoyon nan ya ishe ni. Benci na bar maka, ka riƙa ɗumama mini shi. Ka ce wa kafintocin su yi aiki tsakani da Allah.

Sai na dawo.
Tela

20 ga Mayu

Auta,

Salama. Kuɗin sun shigo, an sa mini ranar aiki.

Ranar sha bakwai Tela ya dawo da kekensa a baro. Ya tarar da sabon ƙyaure da maigadi. Ya tsallako wurina, bai ɗaga murya ba. Ya ciro takardar daga aljihu ya ce, “Malam, rubutunka ne?” Na ce nawa ne. Ya ce, “To. Na ɗauka ko kwaikwaya aka yi.” Ya ninke ta, ya ce wa mai baro su juya.

Kada ka sake rubuto mini. Gidan Baba ya tafi. Tela kuma jiya mun haɗu a bakin kasuwa, na yi masa sallama, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo, ya wuce.

Yayanka