Ƙullin da Ya Fito a Bahago

Litinin, 3 ga Maris
Babbar 'yata ta zo daga jami'a da zane. Wai in lanƙwasa mata ƙulli da rodi, za ta nuna wa malamanta Talata ta sama, da shi za a ba ta maki. Ƙullin da kowa ke yi wa igiya ne, sai dai a haɗe bakin biyu. Na ce wannan ma lissafi ne? Ta ce, "Baba, kai dai yi waldarka." Ni lissafina a sakandare ya tsaya, shi ma da ƙyar.

Laraba, 5 ga Maris
Na gwada da igiya tukuna. Wuri uku take haye kanta, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Da na saɓa guda, ya warware ya koma zobe. Na daidai kuwa, na ja, na murɗa, ya ƙi sauka daga uku.

Juma'a, 7 ga Maris
Na gama, har da fenti. Ni ma ya burge ni.

Asabar, 8 ga Maris
Innalillahi. Na ajiye shi gefen zanen, ba su zo ɗaya ba. Nata ya naɗe dama, nawa hagu. Na juya, na kife, na tsayar, yana nan a bahagonsa. Sai na tuna: kife takardar na yi a teburi na fitar da zanen da alli, yadda nake yi wa adon ƙyaure. Shekara ashirin ina walda! Mamansu ta ce, "Faɗa mata mana, cizo take yi?" Ban faɗa ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na faɗa. Ta kai shi gaban madubi, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe bayanin da za ta yi ke nan: ƙullin nan da na cikin madubi ba ɗaya ba ne, ko a shekara ana juyawa, sai an yanke. "Baba, yi min na dama in tafi da su biyu."

Litinin, 10 ga Maris
Na dama ya fito. Sau huɗu na duba.

Talata, 11 ga Maris
Ta yi waya, ta ci, alhamdulillahi. Wani malami ya daɗe yana juya su, ya tambayi wa ya ƙera. Ta ce babana ne.
Wai akwai mai hayewa huɗu, shi ba ruwansa da hagu da dama. Ban yarda ba. Ba damuna ya yi ba, amma ragowar rodin ban mayar sito ba.