Dawar Mama Ta Ruɓe a Rumbunka

Zuwa ga Bitrus,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya a barikin da aka tura ka. Na kira ka har na gaji, shi ya sa na rubuta nan inda kowa zai gani.

Ka tuna aikinka na kammala makarantar noma? Rumbun zamani, ƙasansa siminti, zaune daram a kan ƙasa. Kai ka kawo mini zanen har rumfar da nake gyaran babur, ka ce, "Danladi, duba mini, kada ka ɓoye komai." Ajinmu ɗaya kafin na bar makarantar, kuma ka san duk littafin da kuka karanta sai da na nemo shi a gwanjo.

Na ce hannunka na da kyau, murfin ma ya fi na kakanninmu. Sannan na ce tsofaffin ƙauyenmu Manga ba don ado suke ɗora rumbu kan duwatsu ba. Ruwan damina daga tudu yake gangarowa, siminti kuma yana shan danshi. Na ce ka ɗaga shi taƙi biyu, iska ta ratsa ta ƙasa.

Na yarda, bakina ya yi kaifi. Da ka fara musu na ce wannan ba rumbu ba ne, tukunyar jiƙa dawa ce. Ka naɗe takardarka, ka ce wanda bai gama ba ba ya gyara wa mai gamawa. Malamai suka tafa maka a ɗaki mai fanka, kai kuma ka ji daɗi.

Kafin ka tafi soja ka rushe wa Mama, mahaifiyarka, tsohon rumbunta, ka gina mata naka.

Makon jiya ta aika aka kira ni Manga. Tun daga ƙofar gida wari ya tarye ni. Dawar da ke ƙasan rumbun ta dunƙule ta yi baƙi, ta sama ta yi fumfuna. Da shebur muka kwashe, ko kaji sun ƙi ta. Abin da ya tsira ba zai kai ta kaka ba.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Cewa take laifinta ne. "Ɗana ya yi karatu, ni ce ban shanya da kyau ba." Ban gaya mata laifin rumbun ne ba. Ni fa, mai kaifin bakin nan. Har ta wanke cikinsa, tana jiran dawar bana ta zuba.

Ba na neman ka ce na yi gaskiya, riƙe abinka. Amma tuwon matar nan muka ci tare a kwano ɗaya, ba zan zuba ido ta sake rasa noman shekara ba. Ni ba za ta yarda da ni ba, kai ne mai takarda. Ka kira ta, ka ce a fasa rumbun. Ginin sabo kuwa, ka bar mini.

Allah ya tsare ka inda kake, ya dawo mana da kai da ƙafarka, ya sa ka ɗaga waya kafin a yanke dawa.

Naka, ko kana so ko ba ka so,
Danladi, Zuru.