Jan Allon Mararraba

Takaya, ranar Asabar

Zuwa ga jikata Raliya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan karatunki. Mahamud ubanki ya gaya mini kin ci jarrabawar Ingilishi, har za a ba ki aji ki koyar. Amaryata, da na ji sai na buga ham a tsakiyar tasha har mai shayi ya ɓarar da madara. Ni da ban riƙe alkalami ba sai da gemuna ya yi fari, a ajin yamma na manya, yau jikata ce malama!

Kada ki ce in yi miki magana ta waya. Na sha wahala kafin in iya rubutu, sai kin karanta.

Ga tambayata. Jan allon nan mai STOP, tun ina yaron mota nake tsaya masa don na san siffarsa. Shi ne abu na farko da na karanta da kaina a kan hanya. Malaminmu ya ce ba Faransanci ba ne, naku ne. Me yake nufi tun asali?

Ko da yake yanzu sun cire na mararrabar shiga Damagaram. Ranar Alhamis na wuce da bashe, motata mai buɗaɗɗen baya, cike da gero, wani mai kabu-kabu ya kusa shiga ƙarƙashina, ya bi ni da zagi. Allah ya kiyaye.

Ki gai da kowa. Angonki,
Mala Direba

Damagaram, ranar Talata

Kaka,

Na gaishe ka da girmamawa, tsohon ango mai rowar kayan lefe. Takardarka ta zo ta hannun Tahiru direban tasharku.

Kalmar taka ƙarama ce amma tana da kaya. Tsayawar mai tafiya ita ce. Wurin da mota take ɗaukar fasinja ita ce. In matafiyi ya yada zango, da ita ake faɗa. In ka toshe ɓular tulu, ko ka hana yaro shiga rijiya, duk ita. Ɗigon da kake sawa a ƙarshen jimla ma sunanta yake ɗauke da shi. Haka kuma in mutum ya bar wani aiki da ya daɗe yana yi.

Kaka, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Jiya na je mararrabar da ƙafata. Allon yana nan, an ma sake masa fenti. Da salla ka kira ƙanwata Husaina da sunana muka yi dariya, amma rubutunka na yanzu layi biyar ya cika shafi. Baba ya gani, yana jin nauyinka ne. Ni kuwa matarka ce, ba na jin kunyarka. Ina tsoron ranar da mai kabu-kabu ba zai iya kaucewa ba.

Likita yana cire yanar ido, aikin ba ya daɗewa. Allah ya ƙara maka lafiya.

Raliya

Takaya, ranar Juma'a

Raliya,

Bayan gaisuwa. Na karanta wa mutanen tasha rabin takardarki na farko, Alkasum mai faci ya ce kalma ɗaya ta fi bashena ɗaukar kaya. Rabi na biyu ban karanta wa kowa ba.

Ke yarinya, tun ubanki bai iya tafiya ba nake kan hanyar nan, ko akuya ban taɓa bugewa ba. In na sauka, wa zai kai wa mutanen ƙauyukan nan geronsu kasuwa? Tahiru gudu gare shi kamar an biyo shi. Ƙura ce ta rufe gilashi, shi ke nan.

Kakanki

Damagaram, ranar Lahadi

Kaka,

Ina gaisuwa. Ban ce ƙarya kake ba. Ka zo a motar Tahiru ka duba allon da kanka.

Akwai abin da na ɓoye, ina jiran salla in nuna maka: na samu permi, wato lasin tuƙi, tun watan jiya. Mai jarrabawa ya tambaye ni wa ya koya mini sakin kulos a hankali haka. Na ce wani tsoho ne a fagen ƙwallon Takaya, yana yi mini tsawa. Ranar Alhamis ba ni da aji.

Taka,
Raliya

Takaya, ranar Talata

Malama Raliya Direba,

Na je. Sai da na kusa dafa ƙarfen kafin na ga harufan. Mai kabu-kabu ya yi gaskiya.

Permi! Na gaya wa liman, na gaya wa Alkasum sau uku har ya ce ya ji. Ga makulli a cikin ambulan. Giya ta biyu sai da lallashi, kada ki yi mata dole. Ki zo Laraba da la'asar mu yi lodi, Alhamis mu sauke gero, ki kai ni wajen likitan naki.

Ni zan zauna gaba. In mun zo mararraba ki tsaya daf da allon, ina so in karanta shi.

Allah ya yi miki albarka.
Yaron motarki,
Mala